Hajaratu, Gicciye da Rigimar Cikin Gida: Tauhidin Baƙar Fata da na Mata a Kiristanci

Howard Thurman, malamin addinin Kirista baƙar fata ɗan Amurka, ya ba da labarin kakarsa Nancy Ambrose a littafin da ya fitar a 1949. An haife ta cikin bauta a jihar Florida. Ba ta iya karatu ba, saboda haka jikan ne yake karanta mata Littafi Mai Tsarki tun yana ɗan yaro. Zabura ya karanta, Ishaya ya karanta, Bishara kuwa ba a magana. Amma wasiƙun Manzo Bulus ba ta yarda a taɓa mata su, in ban da sura ta 13 ta Korantiyawa ta Fari mai magana a kan ƙauna, ita ma jefi-jefi. Sai da ya girma ya yi ƙarfin halin tambayar ta dalili. Ta ce a zamanin bauta, mai wa'azin da ubangidansu yake kawo musu yakan dawo kan aya ɗaya sau uku ko huɗu a shekara: bayi, ku yi biyayya ga iyayengijinku. Tun a lokacin ta yi wa Mahaliccinta alkawari cewa in 'yanci ya zo, ita da wannan sashen littafin sun raba gari.

Tsohuwar ba ta jefar da littafin ba, ba ta kuma bar addinin ba. Ta riƙe Yesu, ta juya wa mai wa'azin baya, ta yanke wa kanta hukunci a kan abin da ya yi kama da Allahn da ta sani. Manyan littattafan da aka rubuta daga baya da sunan tauhidin baƙar fata da tauhidin mata (tauhidi a nan na nufin ilimin sanin Allah a Kiristanci), in ka tace su, a kan wannan ɗanyen aikin nata suke ta kai da kawo: shin tana da hurumin yin haka? In tana da shi, ina iyakarsa?

Sai an san irin amfanin da aka yi da littafin kafin a gane zafin maganar. A 1807 aka buga wani taƙaitaccen Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin da ke tsibiran Karebiyan na Ingila, aka cire labarin fitar Isra'ilawa daga hannun Fir'auna, aka bar ayoyin biyayya. La'anar da Nuhu ya yi wa Kan'ana a sura ta 9 ta Farawa aka ɗora ta a kan baƙar fata baki ɗaya, alhali nassin bai ambaci launi ba. A 1845 'yan Baftis na kudancin Amurka suka ɓalle daga na arewa a kan ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan, kuma sai a 1995 babban taronsu ya nemi gafara. Su kuwa bayin, abin da aka ɓoye musu shi suka fi so. Musa da Fir'auna suka cika waƙoƙinsu. Richard Allen da abokansa suka fice daga cocin Methodist ta St. George a Philadelphia bayan an tashe su daga inda suke durƙushe suna addu'a, har aka kai ga kafa ɗariƙar AME, cocin Methodist ta baƙar fata, a 1816. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, wani bishop na wannan ɗariƙa, Henry McNeal Turner, ya riga ya furta a fili cewa Allah baƙi ne.

Wanda ya zuba wannan gado cikin tsarin ilimi shi ne James Cone. Ɗan ƙauyen Bearden ne a Arkansas, ya tashi a cocin AME, ya yi digirin digirgir a 1965 a kan Karl Barth, babban malamin tauhidi ɗan Suwizalan. Yana koyarwa a wata kwaleji a Michigan tarzomar Detroit ta 1967 ta ɓarke, mutum 43 suka mutu. A Afrilun 1968 aka harbe Martin Luther King. Matasa baƙar fata kuwa kunnensu na wajen Malcolm X, wanda ya sha cewa Kiristanci addinin Bature ne da aka yi amfani da shi aka kwantar wa bawa da hankali. Cone ya duba duk abin da ya karanta a jami'a, bai ga shafin da zai amsa wa waɗannan matasa da shi ba. Littafinsa na farko ya fito a 1969, na biyu a 1970, kuma ya yi kusan shekara hamsin yana koyarwa a makarantar tauhidi ta Union da ke New York har ya rasu a 2018.

Maganarsa ba ta da kwana-kwana. Allahn Littafi Mai Tsarki ba ɗan ba-ruwanmu ba ne. Ya ji kukan bayi a Masar ya sauko. Annabawa irin su Amos sun yi ta kwankwasar kan masu tattake matalauta. Yesu ya buɗe hidimarsa a majami'ar Nazarat da karanta cewa an aiko shi ya yi wa matalauta bishara, ya saki waɗanda aka danne. To in haka ne, in ji Cone, a Amurkar 1969 wa aka danne? Nan ya ce Almasihu baƙi ne. Ba zanen fuskar Bayahuden ƙarni na farko yake yi ba. Nufinsa, wanda ya ce duk abin da kuka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwana ni kuka yi wa, a yau a unguwannin baƙar fata za a same shi. Daga nan ya yi abin da ya fi ƙona ran fararen malamai: ya ce cocin da ya zauna lafiya da wariyar launin fata ba kuskure kawai ya yi ba, ya saki Bishara ne ɗungurungum. Wato bai zo neman a ba shi gefen tabarma a tauhidin Turawa ba. Tuhumar su yake da ɓata, da nassinsu.

Suka ta zo daga ko'ina, kuma mafi kaifi daga gida take. J. Deotis Roberts ya ce 'yanci ba tare da sulhu ba rabin Bishara ne. William R. Jones, a 1973, ya yi tambayar da har yau take ci wa mutane tuwo a ƙwarya: in Allah yana tare da baƙar fata, ina ranar da ya raba musu teku? Isra'ilawa suna iya nuna tasu. Baƙar fatar Amurka, bayan ɗaruruwan shekaru, me za su nuna? A Afirka ma ba a yi masa maraba ɗari bisa ɗari ba. John Mbiti na Kenya ya ce tauhidi ne da ɗacin Amurka ya haifa, ba zai zama na Afirka ba. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, jigo a ECWA wanda ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka har ya rasu a teku a Mombasa a 1975, ya fi su tsanani. A wurinsa an ɗora launi da wahalar mutane a saman Nassi, an kuma musanya ceto daga zunubi da 'yancin siyasa. Inda maganar Cone ta sami ƙasa mai albarka shi ne Afirka ta Kudu, don can ma coci ce ta sa wa wariya albarka. Desmond Tutu da Allan Boesak suka ɗauke ta, kuma a 1982 taron ƙungiyar cocin Reformed ta duniya a Ottawa ya ayyana kare wariyar launin fata da sunan addini a matsayin karkatacciyar koyarwa.

A daidai wannan zamani mata suna nasu yunƙurin, kuma ta inda suka faro ya fi yadda ake zato zurfi. Mutane sukan ɗauka rigimar naɗa mata fasto ce kawai. A 1960 wata ɗaliba mai suna Valerie Saiving ta buga maƙala tana tambaya a kan ma'anar zunubi kansa. Manyan malamai irin su Reinhold Niebuhr sun koyar cewa tushen zunubi girman kai ne da son mulki, maganinsa kuwa ƙasƙantar da kai da sadaukarwa. Saiving ta ce wannan ciwon maza ne aka rubuta shi a matsayin ciwon ɗan Adam. Macen da aka raina tun tana ƙarama a kan ta manta da kanta, ta yi wa kowa hidima, ta haɗiye maganarta, jarabarta ba girman kai ba ce. Jarabarta ita ce ta narke har ta rasa kanta, ta binne baiwar da Allah ya ba ta. In ka hau mumbari ka yi mata wa'azin ƙarin sadaukarwa, ka ƙara mata ciwo ne da sunan magani. A ganina babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a duk abin da tauhidin mata ya kawo, domin ba ta taɓa ko aya ɗaya ba, ta dai nuna cewa mai fassara yana da jinsi, kuma jinsinsa yana bin sa har cikin tafsirinsa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mary Daly, 'yar Katolika mai koyarwa a Boston College, ta fara a 1968 da neman gyara. A 1971 aka gayyace ta wa'azi a cocin jami'ar Harvard, ta gama ta ce wa masu sauraro su tashi su bi ta waje, alamar ficewa daga addinin maza. A 1973 ta rubuta jimlar da aka fi saninta da ita, cewa in Allah namiji ne, to namiji ya zama Allah. Ta bar Kiristanci. Daphne Hampson a Birtaniya, wadda ta yi fafutukar a naɗa mata a cocin Anglika, ita ma daga baya ta fita, da hujjar cewa addinin da ya ɗaure gaskiyarsa a jikin wani tarihi na musamman, tarihin kuma na maza ne, ba ya gyaruwa.

Wasu suka ƙi fita. Rosemary Radford Ruether ta yi tambayar ba ɓoye-ɓoye a 1983: Mai Ceto namiji zai iya ceton mata? Ta amsa da e, don abin da ke ceto a Yesu ba mazantakarsa ba ce, rushe matakan fifiko ne da ya yi, irin na annabawa. Elisabeth Schüssler Fiorenza ta bi sawun matan da aka goge daga tarihin ikilisiyar farko. Misalinta mai daɗi ne: a Bisharar Markus wata mace ta shafa wa Yesu turare a ka, ya ce duk inda aka yi shelar bishara za a ambaci abin da ta yi domin tunawa da ita. Sunan Bitrus da ya yi musun sa ya zo mana, sunan Yahuza da ya bashe shi ya zo mana, nata kuwa ya ɓace. Waɗannan matan suna jingina da Galatiyawa 3:28, ba Bayahude ba Baheleni, ba bawa ba ɗa, ba namiji ba mace. Masu adawa da su suna jingina da Timoti ta Fari 2:12, inda aka ce ba a yarda mace ta koyar ko ta yi iko a kan namiji ba. Kuma ƙofofi sun buɗe a wasu wurare sun ƙara rufuwa a wasu: cocin Ingila ta naɗa mata limamai a 1994, a shekarar da Fafaroma John Paul na Biyu ya ce cocin Katolika ba ta da ikon yin haka.

Sai dai tauhidin baƙar fata da na mata duk sun manta da mutum ɗaya, wadda ita ce ta cika bencinan cocin baƙar fata ranar Lahadi. Laifi tudu ne. Cone ya hango na farare bai ga nasa ba. Ɗalibarsa Jacquelyn Grant ta rubuta a 1979 cewa a tauhidin baƙar fata, mace baƙa ba a ganin ta, kuma shi da kansa ya amsa laifin a gabatarwar da ya yi wa sabon bugun littafinsa a 1986. Ga fararen mata kuwa tambayar daban ce: wace mace kuke nufi in kun ce mace? Uwargijiyar da ke cikin soro, ko baiwar da ke shayar mata da ɗa? Grant, da Katie Cannon, da Delores Williams suka kafa nasu reshe, kuma a nan ne maganar ta kai inda ta fi tsauri.

Williams, a littafinta na 1993, ta ajiye Musa ta ɗauko Hajaratu. Musulmi sun san Hajara a kwarin Makka, sun san tambayar da ta yi wa Annabi Ibrahim ko Allah ne ya umarce shi, sun san safa da marwa da Zamzam, kuma duk mahajjaci yana bin sawunta sau bakwai. A littafin Farawa labarin ya fi ɗaci. Baiwa ce Bamasariya. Saratu ba ta haihu ba, sai ta miƙa ta ga Ibrahim ta haifa mata ɗa, ba wanda ya tambayi ra'ayinta. Da ciki ya shiga, zama ya ɓaci, Saratu ta gallaza mata har ta gudu jeji. Mala'ikan Ubangiji ya same ta a bakin maɓuɓɓuga, kuma abin da ya ce mata shi ne ta koma wurin uwargijiyarta ta yi mata biyayya. Bayan an haifi Ishaku aka sallame ta da gurasa da salkar ruwa. Ruwa ya ƙare a jejin Biyasheba, ta kwantar da ɗanta Isma'ilu a gindin wani ɗan itace, ta ja baya misalin nisan harbin kibiya don kada ta ga mutuwarsa. Sai Allah ya buɗe idonta ta ga rijiya.

Williams ta ce wa Cone: ga baiwa, 'yar Afirka, a cikin Nassi, kuma Allah bai 'yanta ta ba. Ya raya ta dai. Ya sa ta koma inda za ta haihu lafiya, ya nuna mata ruwa a inda ba ta ga hanya ba. Wannan, in ji ta, shi ne Allahn da matan baƙar fata suka sani, mai fitar da hanya a inda babu hanya, ba lallai mai raba teku ba. Ta kuma tuna masa cewa labarin Fitowa, wato fitar Isra'ilawa daga Masar, yana ƙarewa ne a ƙasar Kan'ana, kuma Kan'aniyawa ba su ji daɗin wannan 'yanci ba. Robert Warrior, ɗan ƙabilar Osage cikin 'yan asalin Amurka, ya faɗi irin wannan a 1989: shi in ya karanta labarin, a sahun Kan'aniyawa yake ganin kansa.

Ba ta tsaya nan ba, ta taɓa gicciye. Matan baƙar fata sun yi ɗaruruwan shekaru suna tsayawa a madadin wasu: su haifa wa ubangida bayi, su shayar da 'ya'yan uwargida, su yi aikin maza a gona, bayan bauta kuma su raini 'ya'yan wasu su bar nasu. In aka ce musu an cece su ne ta wurin wani da ya sha azaba a madadin wasu, ba a tsarkake irin abin da aka yi musu ba ke nan? A wurinta, rayuwar Yesu da koyarwarsa da warkarwarsa su ne ceto, gicciye kuwa hoton muguntar mutane ne. Da ta faɗi wannan da kakkausan harshe a wani taron mata a Minneapolis a 1993, ƙura ta tashi a cocin Presbyterian da Methodist na Amurka.

A nan ne alaƙar waɗannan tauhidodi da bangaskiyar Kirista take kai makura. Cewa Allah yana ƙin zalunci ba baƙon abu ba ne a Nassi. Cewa mata sun yi shugabanci a ikilisiyar farko, ga Fibi da Biriskila a sura ta 16 ta Romawa. Waɗannan gyara kayanka ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma Bulus ya ce abu na farko da ya karɓa ya kuma miƙa shi ne Almasihu ya mutu domin zunubanmu. Wanda ya cire wannan ya taɓa ginshiƙi, kuma yawancin matan da Williams take magana dominsu ba su bi ta har can ba. Suna nan suna rera waƙoƙin jinin Yesu. Grant ta bayyana dalili: a wurinsu Yesu abokin shan wahala ne, wanda ya san bulala a jikinsa.

Cone ya dawo kan batun a 2011, a littafin da ya haɗa gicciye da itacen da ake rataye baƙar fata a kai. Cibiyar Equal Justice Initiative ta ƙirga sama da mutum 4,400 da aka yi wa irin wannan kisan gilla a Amurka tsakanin 1877 da 1950, sau da yawa a gaban taron jama'a, har da ɗaukar hoto. Ayyukan Manzanni ya ce an kashe Yesu ta wurin rataye shi a kan itace. Cone ya tambaya: ta yaya malamai irin su Niebuhr suka rubuta shafuka masu zurfi a kan gicciye ba su ga kamannin nan ba, alhali ana yin sa a ƙasarsu? Ya yarda da Williams cewa ba a yi wa azaba kwalliya. Amma ya ƙi sakin gicciye, don iyayensa a Bearden a nan suka ga cewa wanda aka rataye ba shi ne wanda Allah ya yasar ba.

Masu cewa an shigo da siyasa cikin addini suna mantawa cewa mumbarin da ya yi shiru a kan rataye mutane shi ma siyasa yake yi. Ba wanda yake karanta Nassi daga sararin sama, kowa daga inda yake tsaye yake karantawa, kuma wannan darasi ba zai koma cikin kwalba ba. Duk da haka tsoron Kato ba na banza ba ne. In wahalar da mutane suka sha ita ce alƙali na ƙarshe, wa zai tsawata musu ranar da sanda ta dawo hannunsu? Turawan Afrikaner na Afirka ta Kudu su ma sun karanta labarin Fitowa a matsayin nasu, su ne Isra'ila, 'yan ƙasa su ne Kan'aniyawa. Kuma cocin baƙar fatar da ta yi kukan zalunci ita ce ta hana matan cikinta mumbari. Abin da ya ceci tauhidin Cone daga zama kirarin ƙabila shi ne ya bar ƙofa a buɗe, ɗalibansa mata suka kama shi da nassin da shi ya kama farare da shi.

A Afirka mata sun ɗauki maganar da nasu kayan. Mercy Amba Oduyoye, 'yar Gana da ta koyar a Jami'ar Ibadan, ta tara mata masana tauhidi a Accra a 1989 suka kafa ƙungiyarsu, da hujjar cewa tauhidin Afirka yana ƙoƙarin tashi da fiffike ɗaya. Tambayoyinsu ba na launi ba ne. Na gado ne, da abin da dangin miji suke yi wa matar da mijinta ya rasu, da gorin rashin haihuwa, da kishiya. Duk wanda ya san ƙarfin Zumuntar Mata a cocin arewacin Najeriya ya san su wa ke riƙe da coci da su wa ke yanke shawara. Labarin Hajaratu kuma a nan ba misali ba ne kawai. A 1888 taron bishop-bishop na Anglika a Lambeth ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba, kuma a aikace hakan ya sa maza da yawa suka sallami sauran matansu don su shiga coci, ba tare da an tambayi matan ina za su nufa da 'ya'yansu ba. Sai a taron 1988, da matsin bishop-bishop na Afirka, aka amince a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da iyalinsa, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba, kuma ba za a tilasta masa korar ko ɗaya daga cikin matan ba.